Haz Hamsin

Baltasar ya hauro tudu da kaset a aljihun kwat,
yana haki, don keken hawa dutse ya lalace tun Talata.
Ya ce, Leonor, ke ce mai aikin sauti,
ga Baba nan, ki wanke mana shi.

Sitidiyona ɗaki ɗaya ne a Valparaíso,
tagarsa na kallon tashar jiragen ruwa
inda Eleodoro ya yi shekara talatin da ɗaya
a kan injin ɗaga kaya.

Na juye kaset ɗin cikin kwamfuta.
Ga shi nan zaune a kicin,
yana ba da labarin ranar da igiya ta tsinke
buhunan albasa suka yi wanka a teku,
yana dariya tun bai kai wurin dariyar ba.
Amma ƙarƙashin muryarsa akwai gurnani,
doguwar ƙara guda da ba ta tsayawa numfashi.

Da can kuɗin goro ake yi:
ka rage ƙara, ka rage mutum tare da ita.
Yanzu akwai ƴar manhajar da nake jonawa,
ba ruwanta da sauran sauti.
Ka shata mata zango, nan kaɗai take taɓawa,
kamar likitan da aka nuna wa haƙori ɗaya.

Na ja linzami, na matse layin
har ya koma siririn tsinke,
na bi shi ƙasa, ƙasa, ina kasa kunne.
Haz hamsin. Nan ɓarawon yake kwance.
Na danne shi.
Na bi sawun ƴaƴansa, ɗari, ɗari da hamsin, ɗari biyu,
kowa na rufe masa baki.
Can sama, wajen dubu bakwai,
akwai ɗan fito da ke sulalowa ta wushiryarsa.
Wannan ban taɓa ba. Da shi muka san shi.

Baltasar ya sa abin saurare a kunne, ya rufe ido.
Ya daɗe.
Ya ce, Baba ne, ba shakka,
amma a ina yake zaune?
Kamar an kai shi asibiti.

Akwai wani maɓalli a gefen hagu
mai jiyar da kai abin da ka cire kawai,
don ka tabbata ba ka yi ɓarna ba.
Na danna.

Firji ne.
Koren nan mai ƙafa uku da rabi
da muke tokarewa da tsohuwar jarida.
Muka yi dariya, na kai hannu zan kashe,
sai na ji layin ɗari biyu yana ɗan rawa.
Firji ba ya rawa.
Firji ba ya tsayawa ya ja iska.

Herminia ce.
Ita da ta ce a kau da rikodan nan daga gabanta,
ba ta da abin cewa.
Ashe tana can bayansa tana murza fulawa,
bakinta a rufe,
tana bin muryar firji da tata,
ta ɗan haura shi, ta dawo, ta jingina da shi.
Shekara nawa muna cewa ba ta bar mana ko tari ba.

Jirgi ya yi ƙaho a tasha, tagar ta karkaɗa.
Baltasar ya juya yana kallon bango.

Na buɗe ɗari biyu gaba ɗaya.
Hamsin ɗin na mayar da rabinsa,
yadda dai kicin zai sami ƙasa.
Albasa ta sake faɗawa teku,
Baba ya sake riga kowa dariya.

Kwamfuta ta tambaye ni sunan fayil.
Na goge "Baba, wankakke".
Baltasar ya ce, rubuta "Lahadi".